Sunan Ɗan Fari

Ɗan Azumi yana garkarsa a bakin tafkin Madarumfa, yana jan guga, Bala ya iso da labari. Bala ɗan gwaggonsa ne, taubashinsa, mutumin da tun suna yara bai taɓa kawo magana a miƙe ba.

"Aje gugar nan, malam. An ƙara maka bakin ci."

Ɗan Azumi bai ajiye ba. Ya juye ruwan a fangalin albasa, ya sake zura guga a rijiya.

"Ba ka tambaya mi aka samu?"

"Ban tambaya ba."

"To, namiji ne. Da kunnuwa irin naka, abin tausayi."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau, shi da uwar."

Ya ci gaba da ban ruwa kamar haihuwar ta gidan maƙwabta ce. Sai da Bala ya gaji da tsokana ya tafi, sannan ya duba ƙasa ya ga ashe fangali guda yake ta shayarwa, har ruwa ya fasa ya malale kan hanya.

Haka ake so uba ya yi da ɗan fari. Matarsa Zahara'u tana gidan iyayenta a ɗaya gefen garin tun da ciki ya tsufa. Ba zai je ganin jinjiri ba, ba zai ɗauke shi a gaban mutane ba, ranar suna kuma zai bar garin. Sunan yaron ma ba zai taɓa fita daga bakinsa ba har ya tsufa. Zaɓen sunan kuwa ba huruminsa ba ne, na mahaifinsa ne, Malam Adamu, kuma ba wanda bai san abin da Malam Adamu zai zaɓa ba.

Musa, sunan mahaifin Malam Adamu. Tsohon, lokacin da yake da rai, ya hana a sa wa kowane yaro sunansa. Ya ce ba zai zauna a zaure yana jin mata na ce wa Musa ya tashi daga kan tabarma ya yi fitsari ba. Bayan rasuwarsa kuma, duk abin da aka haifa a gidan mata ne. Wannan ne namiji na farko. Sunan ya daɗe yana jira.

Ɗan Azumi kuwa yana da wani suna a ransa, kuma ya riga ya yi alkawari a kansa.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, ya bi samarin garin zuwa Libiya neman aiki. Suka hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Agadas, suka ratsa hamada, suka sauka a Sabha. Ya samu aiki a wata gona a bayan gari. Abokan tafiyarsa suka wuce gaba, shi ya tsaya. A nan zazzaɓi ya kayar da shi, irin wanda mutum ba ya gane gabas. Wanda ya rage kusa da shi wani mutumin Sudan ne, dogo, mai suna Mansur, wanda a ƙasarsu malamin makaranta ne, a Sabha kuwa taki yake ɗauka kamar kowa. Shi ya goya shi har bakin titi, ya tsai da mota, ya kai shi likita. Shi ya riƙa ba shi romo da cokali, ya wanke masa tufafin da ko ɗan'uwa sai ya kau da kai. Shi kaɗai ne kuma a duniya yake kiransa da sunansa na yanka, Ilyasu.

Ranar da ya fara miƙewa da ƙafarsa, ya harhaɗa ɗan Larabcin da ya tsinta ya ce, in Allah ya ba shi ɗa namiji, ɗansa na fari, sunansa Mansur. Mutumin ya yi dariya, ya ce to, Allah ya kawo. Daga baya aiki ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Ba adireshi, ba labari.

A Sabha maganar ta fito da sauƙi. A Madarumfa ya ga abin da ya yi: ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

Ya yi ta juya abin yana ban ruwa, har ya ga hanya guda. Mahaifiyar Bala yayar Malam Adamu ce, tana iya gaya masa abin da wani ba ya iyawa. Ya nemo Bala, ya ja shi gefe, ya ba shi labarin Sabha a gajarce, ya ce ya kai wa gwaggo a asirce, ita kuma ta san yadda za ta sa wa ƙanenta a kunne kamar daga gare ta ya fito.

Bala ya dafa ƙirji. "An gama."

Bayan la'asar Ɗan Azumi ya shiga zaure gai da mahaifinsa. Malam Adamu yana zaune da abokansa, dattawan unguwa, ana maganar ragon da aka sayo. Bala yana rakuɓe a bakin ƙofa. Ɗan Azumi ya durƙusa, ya gaishe su, yana shirin tashi.

"Kawu," in ji Bala, "mai jego na da saƙo."

"Zahara'u?"

"A'a, wanga mai jegon, mai gemu. Ya ce ya zaɓo ma yaron suna tun daga ƙasar Larabawa. Mansur."

Dattawan suka dubi juna. Sai Malam Yahaya, mafi tsufa a cikinsu, ya fashe da dariya har yana tari.

"Ikon Allah! Ni da aka haifi nawa na fari, Katsina na tahi a ƙasa, ban dawo ba sai da yaron ya fara zama. Yanzu ga uba na aiko da suna. Gobe sai ya zo ya yi goyo."

Malam Adamu bai yi dariya ba, bai kuma dubi ɗansa ba. Sai ya dubi Bala.

"Wa ka ce ya aiko ka?"

Bala ya nuna Ɗan Azumi da leɓe.

"Ba ni da ɗan da zai aiko da irin wanga saƙo," in ji Malam Adamu a hankali. "Ranar Talata za a yanka rago. Suna kuwa kowa ya san shi."

Ya koma kan maganar rago. Ɗan Azumi ya fita, kunnuwansa na zafi. A waje ya cafki hannun Bala.

"Gwaggo na ce ka faɗa ma."

"Hanyar ta yi nisa. Na yanke."

"Ni ka yanke."

"Haba, da wasa na sako ta. In ya ƙi, wasa ne. In ya yarda, ka samu."

"To ya ƙi, kuma ba wasa ba ne."

Kashegari da hantsi aka ce masa tsohuwa na kira. Ɗelu ke nan, kakarsa, uwar Malam Adamu, matar marigayi Malam Musa. Ya same ta a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa, tana tsintar wake a faifai. Tsakanin jika da kaka ba kunya. Ita kaɗai ce a gidan yake iya buɗe baki a gabanta.

"Angon nawa, an ce ka yi abin kunya a zaure."

"Ba ni ba ne. Ɗayan mijin naki ne, Bala."

"Shi na sake shi tuni, ba ya riƙe magana. Zamna."

Ya zauna a kan turmin da aka kife.

"Wane ne wanga Mansur da za a kori mai gidana saboda shi? Sarki ne?"

"Lebura ne."

"Yana da raƙuma?"

"Takalminsa ma ɗaurin waya ne."

"To faɗa mani."

Ya faɗa mata, tun daga zazzaɓin har zuwa alkawarin. Bai taɓa gaya wa kowa a gidan cewa ya kusa mutuwa a can ba. Hannunta bai daina tsintar wake ba, amma da ya zo wurin wankin tufafi ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baƙo ya yi maka wannan?"

"Baƙo."

"Ba danginmu, ba yarenmu?"

"Salla kawai ta haɗa mu, sai taki."

Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake, kaza ta bi shi.

"Shi sunan, mi yake nufi? Ku da kuka sha ruwan Larabawa."

"Na tambaye shi. Ya ce daga kalmarsu ta taimako ya fito, irin taimakon da ke tsamo mutum har ya rinjayi abin da ya taso mashi. Tushensu guda da Nasiru. Nasiru shi ne mai kawo ɗauki, Mansur wanda aka kawo ma. Ya ce mutanen Madina da suka tarbi Manzon Allah suka ba shi masauki..."

"Sallallahu alaihi wa sallam."

"...su ma daga nan aka samo sunansu, Ansaru. Tsohon suna ne a wurinsu. Ya ce ana sa ma yaro shi don fatan ranar da ƙarfinsa ya ƙare, kada Allah ya bar shi shi kaɗai."

"To ai kai aka kawo ma ɗauki."

"Haka na ce mashi. Ya ce shi ma an taɓa ɗaukarsa."

Ɗelu ta ajiye faifan a cinya. Ya ga kamar ta sauko. Ya matso.

"Kaka, ke kaɗai Baba ba ya ƙetare maganarki. In kin ce a jinkirta wancan sunan sai na gaba..."

"A'a."

Ta faɗe ta ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Na gaba ka san namiji ne? Ka san ina nan? Dube ni da kyau." Ta buɗe baki ta nuna masa dasashi. "Tun ranar da aka kawo ni gidan ga, ina ƴar yarinya, sunan nan bai fita bakina ba. In mai talla sunansa ke nan, sai in bar shi ya wuce da kayansa. Ranar da na ji an faɗe shi da ƙarfi a ƙofar gidan ga, ranar jana'iza ce. Ina so in ji liman ya faɗe shi a kan mai rai kafin in bi shi. Mutuminka ya kyauta, Allah ya saka mashi. Amma ni na riga shi jira."

Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai. Bai ga inda ta yi kuskure ba.

"Shi ke nan, Kaka."

"Ka yi fushi?"

"A'a."

"Ƙarya kake, ga kunnuwanka nan sun tashi. Tahi ka ba albasarka ruwa."

Ranar Talata, da aka idar da sallar asuba, ya ɗora kwandunan tumatur a motar da ke zuwa Ɗan Issa, garin bakin iyaka. Yana fita gari ya hangi mutane na ɗebo tabarmi zuwa gidan surukansa, Bala na jan rago da igiya. Ya kau da kai.

A Ɗan Issa ya sallama tumatur ga mai saye na farko, bai tsaya ciniki ba. Ya samu benci wurin mai shayi kusa da tasha, ya zauna yana kallon manyan motoci da suka yi layi suna jiran duwan, ma'aikatan kwastan, da ƴan canji na kaiwa da komowa. Wajen hantsi wani direba ɗan garinsu ya sauko daga mota, ya gan shi, ya nufo shi yana murmushi, ya ɗora masa goro a hannu.

"Ashe nan ka ɓoye. An raɗa. Musa. Allah ya raya."

"Madalla," in ji Ɗan Azumi, kamar na wani ne.

Ya ɓare goron ya ba mai shayi rabi. An riga an ambaci suna a kan rago, wuƙa ta bi; wannan ba ya tashi. Ya yi tunanin mutumin Sudan, ko yana Sabha, ko ya koma ƙasarsu, ko ma yana raye. Ba zai taɓa sanin an cika ko ba a cika ba. Wannan ne ya fi damunsa: alkawari ne da ba mai bin sawunsa sai shi da ya yi shi.

Ya kwana wurin wani abokinsa mai faci. Da safe ya biyo motar farko.

Ya shiga gida ya tarar da mata a tsakar gida, an aiko da rabon naman suna ana kasawa. Mahaifiyarsa, Inna Fati, tana zaune gaban tasa. Saratu, matar wansa, tana miƙa mata kwanoni. Ya gaishe su, ya nufi ɗakinsa.

"Wai ya bar uwar ta runtsa kuwa?" Inna Fati ke tambayar Saratu.

"Ina! Sun ce Mansur tun da wanzami ya taɓa kansa bai rufe baki ba."

"Zafin aska ne. A shafa ma Mansur ɗin man shanu."

Ɗan Azumi ya tsaya da hannu a kan asabari. Ba wadda ta dube shi. Ya saki asabarin, ya juya, ya nufi ɗakin tsohuwa.

Ɗelu tana zaune da ɗan kwanonta, tana tsotsar tsoka guda da ta ƙi taunuwa.

"Ɗan gudun hijira ya dawo."

"Kaka, mi nake ji a tsakar gida?"

"Mi ka ji?"

"An ce mani Musa aka raɗa."

"Kai! Rufe bakinka, marar kunya, a gabana?" Ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa masa. "Shi aka raɗa. Na ji shi da kunnena, daga bakin liman, maroƙi ya ɗauka ya kai har bayan katanga. Na ji, ya ishe ni."

"To, ɗayan fa?"

"Kai wane irin mutum ne? An sa ma yaro sunan Malam. Wa zai kira shi da shi? Ni? Uwarka, sunan surukinta? Ubanka, sunan ubansa? Ita yarinyar, ɗanta na fari? Duk gidan ga ba bakin da zai ɗauka. Dole a nema mashi na kira, wannan kuwa aikin mata ne, ba na zaure ba."

Ta ciro tsokar ta duba ta, ta mayar.

"Da aka gama aski aka kawo mani shi, mata suka ce a ce mashi Kalla, yadda aka saba ce ma masu sunan. Na ce Kalla abokan Malam ke ce mashi, shi ma bakina bai ɗauka. Wata ta ce Mai Sunan Malam. Na ce kafin in gama faɗi ya rarrafa ya faɗa wuta. Suka ce to ke faɗi. Na faɗi."

"Suka yarda?"

"Wa zai yi gardama da ni a kan mijina?"

Ɗan Azumi ya zauna a dokin ƙofa.

"Amma ragon ba da shi aka yanka ba," ya ce.

"Ga ragon nan a kwano, gobe babu shi. Kai da wane suna aka yanka naka?"

"Ilyasu."

"Fita kasuwa ka tambayi gidan su Ilyasu, ka ga inda za a kai ka. An haife ka cikin azumi, wata tsohuwa ta buɗe baki, shi ke nan har ka yi gemu. Malam ya samu nashi, baƙonka ya samu nashi. In akwai wanda aka cuta, faɗa mani."

Ya nemi wanda aka cuta bai samu ba.

"Baba fa?"

"Wancan?" Malam Adamu shi ne ɗanta namiji na fari, ita ma ba ta kama sunansa. "An gaya mashi. Ya ce abin mata ne."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

"Mi kake so ya ce, ya yi guɗa? Kai kuma ka ji da kyau: ko shi wanga na kiran, ba naka ba ne. Ɗan fari ne. Kada in ji shi a bakinka."

"Na sani."

"Ka sani, shi ya sa ka aiki Bala."

Ya yi dariya, karon farko tun ranar haihuwar. Ta miƙa masa kwanon.

"Ɗauki wannan, ta fi ƙarfina."

Yana tauna naman ya ji takun mahaifinsa. Malam Adamu ya shigo daga zaure da buta a hannu, zai zagaya. Ɗan Azumi ya tashi da sauri ya durƙusa. Tun maganar zaure mahaifinsa bai ce masa komai ba bayan amsa gaisuwa.

Malam Adamu ya tsaya, bai dube shi ba, ya dubi wajen murhu.

"Surukanka sun aiko. Itacen wankan jego ya kusa ƙarewa, ruwan zafi kuwa safe da yamma ne. Mutum ya tahi yawon Ɗan Issa ya bar mutane da hidima." Ya gyara riƙon butar. "A kai ma su Mansur itace kafin azahar."

"To, Baba."

Malam Adamu ya wuce. Ɗan Azumi ya haɗiye naman, ya shiga neman gatari.